Kafin ka ɗaga gaban Hilux ɗinka ka sa mata manyan tayoyi

Duk wanda ya ratsa Suame Magazin a Kumasi, ko Abossey Okai a Akra, ko layin masu gyaran mota a Tamale a 'yan shekarun nan, ya san yayin da ake yi. A-kori-kura za ta shiga gareji yadda kamfani ya ƙera ta, goshinta a ɗan sunkuye, bayanta a sama. Kafin la'asar sai ta fito ta miƙe sambal, gaba da baya kai ɗaya, da tayoyi masu kaurin gaske da wili mai sheƙi. Idan ta tsaya a bakin layi a Nima ko Aboabo, sai ka ga yara sun zagaye ta, manya ma suna satar kallo.

Babu mai musun cewa motar tana yin kyau. Kuma masu yin aikin suna da hujjarsu: hanyoyinmu na karkara ba sa raga wa mota, damina na zuwa, ramuka da laka na jiran kowa. To amma akwai lissafin da ba kasafai ake yi wa mai mota ba kafin a kwance noti na farko. Kamfanin da ya ƙera motar yana sane ya bar bayanta a sama, kuma duk santimitar da ka ƙara akwai inda za ka biya ta, ko a birki, ko a gidan mai, ko wajen bakanike. Wanda ya san lissafin zai iya yin gyaran daidai gwargwado ya amfana. Wanda bai sani ba kuwa, sai ya kashe sidi masu yawa ya mayar da motar aiki motar kallo.

Daga ina yayin ya zo?

Asalinsa Amurka ne. A can a-kori-kura motar gida ce, kuma Ford samfurin F ta shafe sama da shekara 40 tana gaban sauran irinta a kasuwa. Da yawa daga masu ita ofis suke zuwa da ita da kasuwa, bodinta fayau babu kaya. Ga irin wannan mutum, bayan da ya fi gaba tsayi ba ya yi masa amfanin komai, sai ma ya ga kamar motar ta yi ruku'u. Shi ya sa kamfanoni suka fito da kayan ɗaga gaba, mutum ya saya ya ɗaura, motar ta daidaita, ya kuma samu sararin sa babbar taya.

Yayin ya iso mana ta hanya biyu: ta hotunan bidiyo na YouTube da TikTok, da kuma ta tashar jiragen ruwa ta Tema, inda ake sauke F-150 da Tacoma da Tundra na hannu, wasu da gyaransu tun daga can. Sai dai a-kori-kurar da ta fi yawa a titunanmu, wato Hilux da Navara da L200 da D-Max da Ranger, neman abinci take fita. Ita ce ke ɗauko doya da masara daga Techiman, albasa daga Bawku, siminti da rodi zuwa wajen gini, ranar biki ko jana'iza kuma ta kwashi jama'a. Abin da ya dace da motar da ba ta ɗaukar kaya ba lallai ya dace da wannan ba.

Me ya sa baya ya fi gaba tsayi?

Ka leƙa ƙarƙashin Hilux ta baya, za ka ga sifirin na faranti-faranti da aka jera bisa juna. An yi su ne don su lotsa idan nauyi ya hau. Irin waɗannan motoci ana ƙera su su ɗauki abin da ya kai kusan tan 1, gwargwadon samfuri, kuma a cikin lissafin har da direba da fasinjoji. Idan babu kaya, baya yana sama da gaba da 'yan santimitoci. Idan aka yi lodi, bayan ya sauka, motar ta daidaita da kanta. Wato an gina ta ne ta miƙe a lokacin da take aiki.

To yanzu ka ɗaga gaban har ya kamo baya tun babu kaya. Ka je Techiman ka loda buhunan masara. Bayan zai sauka yadda ya saba, gaban kuma yana nan inda ka kai shi. Sai motar ta ɗaga hanci sama kamar jirgin da zai tashi. Fitilun gaba, maimakon su haska kwalta, sai su shiga idon mai tahowa, kai kuma ba ka ganin ramin da ke gabanka, ballantana mai keke ko saniyar da ke tsallakawa. Ganin abin da ke dab da goshin motar ma yana raguwa, kuma a unguwanninmu masu ƙananan layuka inda yara ke wasa a ƙofar gida, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Su kansu Amurkawan sun ga illar motar da hancinta ke sama. A 2021 jihar Karolina ta Arewa ta hana hawa titi da motar da aka ɗaga gabanta ya fi bayanta da inci 4 ko fiye, daga baya Bajiniya da Karolina ta Kudu suka bi sahu. Su da gangan samari ke yin haka don ado. Mu kuma lodi ne ke kai motar da aka daidaita zuwa kusa da wannan tsayuwar, ba tare da mai ita ya nufa ba.

Yadda ake ɗaga gaban, da abin da yake ci

Hanyar ta danganta da irin ƙafar motar. Hilux da aka fara fitarwa wajen 2005, da wadda ta biyo ta a 2015, suna da shok mai sifirin murɗaɗɗe a gaba. Hanya mafi araha ita ce a sa wani zoben ƙarfe ko na roba mai tauri, wanda kanikawa ke kira sifesa, a saman shok ɗin. A nan akwai abin lura: shok ɗin ba a bakin taya yake ba, a tsakiyar hannun ƙasa aka ɗaure shi, saboda haka kaurin sifesa ba shi ne tsayin da za a samu ba. Tsayin kan ninka kaurin sau ɗaya da rabi zuwa biyu. Sifesa mai milimita 25 tana iya ɗaga goshin da milimita 40 zuwa 50. Bakaniken da bai san wannan ba, idan ka ce masa inci 2 kake so, sai ya sa maka sifesa mai inci 2, ka tashi da tsayin da ya wuce hankali.

Tsofaffin Hilux masu jan ƙafa huɗu, da Nissan Hardbody, da tsofaffin L200 da D-Max, sandar ƙarfe mai murɗawa ce ke riƙe gabansu. Waɗannan ba sa buƙatar a sayi komai: akwai noti a ƙarƙashi, ana ɗaure shi gaban ya tashi. Sauƙin ne ke jawo ɓarna, don kowa da sifana yana iya yi, kuma ba a san inda za a tsaya ba.

Ko ta wace hanya aka bi, abu ɗaya ne ke faruwa. Ƙafar gaba tana da iyakar hawa da sauka. Idan ka ɗaga motar, ka tura ƙafar ƙasa tun tana tsaye, sai sararin saukar da ya rage mata ya ragu. Da taya ta faɗa rami, hannun sama ya kai ƙarshe da ƙarfi, ka ji ƙwas. A kan gargadar hanyar burji, tayar kan rabu da ƙasa na ɗan lokaci, motar ta riƙa yawo. Bol-join yana aiki a karkace fiye da yadda aka tsara masa. Shaf ɗin da ke kai ƙarfi ga tayoyin gaba shi ma yana karkacewa, robar da ke rufe gaɓarsa ta riƙa gogar kanta har ta tsage, giris ya zube, ƙasa ta shiga. Duk wanda bol-join ya taɓa tsinke masa a kan gudu, taya ta kwanta ƙarƙashin mota, ba ya buƙatar a yi masa dogon bayani.

Shi ya sa masu sayar da kayan kirki ke tsayawa a kusan inci 2, wato santimita 5, kuma idan za a wuce haka sai an canja hannun sama da wanda aka ƙera don wannan tsayin. Canja shok da sifirin gaba ɗaya da waɗanda aka yi don ɗagawa ya fi sifesa daɗin tuƙi da ƙarko, amma kuɗinsa ya ninka. Mai sabuwar mota kuma, misali Hilux ɗin da Toyota ta fara haɗawa a Tema a 2021, ya fara tambayar dillalinsa abin da gyaran zai yi wa garantinsa.

Taya ce ke nisanta ciki da ƙasa

Ga wani abin da ke ba mutane mamaki. Ka durƙusa ka dubi aksil ɗin baya, za ka ga wani ƙulli mai kama da tulu a tsakiyarsa, wanda ake kira dif. A yawancin a-kori-kura yana cikin abubuwan da suka fi kusa da ƙasa, kuma shi ke makalewa a kan tudun da manyan motoci ke bari a tsakiyar hanyar laka. Ko ka ɗaga motar da kamu guda, dif ɗin baya yana nan inda yake, domin a kan tayoyi yake zaune. A Land Cruiser 79, mai aksil ɗin ƙarfe gaba da baya, haka abin yake a ɓangarorin biyu. Ɗagawa tana taimaka wa bamba da cikin mota wajen hawa kwalbati ko gangaren rafi, tana kuma ba da sararin sa taya. Amma abin da ke nisanta dif da ƙasa taya ce kawai.

Kuma tayar ma rabin ƙarin da aka yi mata kake samu. Bari mu yi lissafi da lambar da ke jikin tayar Hilux da yawa: 265/65R17. Lambar farko faɗin tayar ce, milimita 265. Ta biyu tana nufin tsayin gefen tayar kashi 65 cikin 100 ne na faɗin, wato milimita 172. Ta ƙarshe girman wili ne, inci 17, wato milimita 432. Ka haɗa gefe biyu da wili, tsayin tayar daga ƙasa zuwa sama ya zama milimita 776.

Idan ka koma 265/70R17, tsayin ya zama milimita 803. An ƙara 27, motar ta tashi da milimita 13 kacal. Idan ka je 285/70R17, wadda samari ke kira talatin da uku saboda ta kusa inci 33, tsayinta milimita 831 ne. An ƙara 55, motar ta tashi da milimita 27, bai kai faɗin yatsu biyu ba. A cikin laka wannan ɗan ƙarin yana iya raba wanda ya wuce da wanda ya kwana a daji, gaskiya ne. Amma ya kamata mutum ya san abin da yake saye ke nan.

Galibi 265/70R17 tana shiga Hilux ba tare da wata matsala mai yawa ba. Ita kuwa 285 takan gogi robar cikin madigadi, ko marikin laka, ko hannun sama, musamman idan aka karya sitiyari ƙarshe ana hawa tudu. Daga nan sai a ɗauko injin yanka a fara rage jikin mota. Kafin ka yarda a yanka, ka tuna ranar da za ka sayar da ita.

Tsofaffin direbobin daji suna da wata dabara da ba ta da farin jini a wajen samari: taya siririya mai tsayi. 235/85R16 tsayinta milimita 806 ne, ya ɗan fi na 265/70R17, amma ta fi ta siranta da santimita 3. Ba ta cika gogar jiki ba, tana yanka laka ta kamo ƙasa mai tauri, kuma dangin 7.50R16 ce da aka daɗe ana gani a Land Cruiser. Sai dai a fara gwada ko wili mai inci 16 zai wuce kan birkin gaba, don a wasu sababbin samfura ba ya shiga.

Babban wili ba ya ƙara tsayi

A nan ne kuɗin mutane suka fi zubewa. Mutum zai sayi wili mai inci 20, ya sa masa 265/50R20, yana jin ya ɗaga mota. Ka yi lissafin da muka yi a sama: milimita 508 na wili, da gefe biyu masu milimita 132 da rabi kowanne, jimla 773. Bai ma kai tayar da ya cire ba. Abin da ya canja shi ne gefen taya, wato matashin iskar da ke tsakanin wili da rami, ya ragu daga milimita 172 zuwa 132.

A titin Akra zuwa Tema wataƙila ba za ka ji bambanci ba. Amma ka faɗa rami mai kaifin baki da lodi a baya, tayar za ta matse har wili ya daki bakin ramin. Sakamakon shi ne ƙulli a gefen taya, ko wili ya tsage. Wilin ƙarfe idan ya lanƙwashe, mai faci a kowane ƙauye zai buga shi da guduma ka ƙarasa gida. Na alminiyom idan ya fashe, sai dai safaya. Kuma ka je ka nemi taya mai inci 20 a Salaga ko Bimbilla da yamma ka ga yadda za ta kaya. Mai bin hanyar burji, ƙaramin wili da taya mai gefe mai tsayi ne abokin tafiyarsa.

Mitar gudu za ta fara yi maka ƙarya

Mota ba ta san girman tayarta ba, juyawarta kawai take ƙirgawa. Taya 285/70R17 ta fi 265/65R17 zagaye da kashi 7 cikin 100. Saboda haka duk abin da mita ta nuna, ka ƙara masa kashi 7 bisa yadda take nunawa a da. Inda ka ga 50 a cikin gari, kana kusan 54. Inda ka ga 90 a babbar hanya, kana kusan 96. Ɗan sandan MTTD da ke riƙe da na'urar auna gudu ba ruwansa da abin da mitarka ta ce. Hanya mafi sauƙi ita ce ka buɗe manhajar taswira a waya, wani na kusa da kai ya riƙe, ku kwatanta gudun da take nunawa da na mita a hanya miƙaƙƙiya.

Lissafin kilomita ma haka. Kumasi zuwa Tamale kimanin kilomita 380 ne, amma motar za ta rubuta kusan 355. Idan kana canja baƙin mai duk kilomita 5,000 na mita, a zahiri injin ya yi 5,350. Idan kuma haya kake bai wa kamfani ko ƙungiya ana biyanka da kilomita, to kana yi musu kyautar kusan kilomita 7 a kan kowace 100 da mita ta rubuta, ba ka sani ba.

Wannan kashi 7 yana bin ƙarfin injin da na birki. Babbar taya kamar dogon hannun sifana ce da ke aiki a kan motar: ƙarfin da ke isa ƙasa yana raguwa, sai ka ji motar ta yi nauyin tashi, kana yawan komawa ƙaramar giya a hawa, kulochi yana shan wuya da lodi. Mai giyar otomatik zai ji tana ta neman giya tana zafi. Birki kuma yana buƙatar ƙarin ƙarfi kafin ya tsayar da tayar da ta fi girma, ta kuma fi nauyi da kilo da dama. Ka haɗa da lodi da gangara irin ta tsaunin Mampong ko Nakpanduri, za ka gane cewa tazarar tsayawa ta ƙaru a daidai inda ba a son ta ƙaru. Dizal ma zai fi tafiya, saboda nauyi da faɗi da iskar da doguwar mota ke turawa.

Akwai kuma maganar kifewa. Duk abin da ka ɗaga, nauyinsa ya yi sama. Motar da aka ɗaga da santimita 5, aka ƙara mata kusan 3 na taya, aka tula mata doya har sama da kai, mutane kuma suka hau kan doyar, ba ta jure kaucewar gaggawa kamar da. Akuya ɗaya ce za ta gifta, direba ya fizgi sitiyari.

Ba kowane wili mai rami shida ne naka ba

A Abossey Okai za a ce maka ai duk rami shida ne, zai shiga. Ka yi hattara. Hilux da Ranger da L200 da D-Max da Tacoma mai jan ƙafa huɗu suna da rami 6 a kan da'ira mai milimita 139.7. Navara D40 kuwa 114.3 ce, F-150 kuma 135. Ko a cikin masu 139.7 ɗin, ramin tsakiya ya bambanta: na Hilux kusan milimita 106 ne, na Ranger kusan 93. Wilin Ranger na asali ba zai zauna a Hilux ba sai an ci tsakiyarsa, kuma wilin da aka ci a injin bakin hanya ba abin ɗora wa rai ba ne.

Sai maganar yadda wili ke fitowa waje. A bayan wili akan rubuta ET da lamba. Na Hilux na kamfani yana wajen 30. Idan lambar ta sauka zuwa 0 ko ƙasa, tayar tana turowa waje, motar ta yi ƙirji, abin da masu ado ke so ke nan. Amma nauyin ya bar kan boris ya koma gefensa, sai boris ya riƙa mutuwa da wuri, sitiyari yana fizgar hannu a kowane rami, tayar kuma tana watsa wa masu babur da masu tafiya a ƙasa laka da tsakuwa.

Noti ma ba a wasa da shi. Wilin alminiyom na Toyota yana amfani da noti mai shimfiɗaɗɗen gindi da wasa, yawancin na kasuwa kuma mai gindin tsini. Idan aka haɗa su a juye, wili ba ya zama daram ko an ɗaure da ƙarfi. Ƙusar Hilux kaurinta milimita 12 ne, kuma ƙa'idar da kanikawa ke bi ita ce noti ya ci aƙalla gwargwadon kaurin ƙusar, wato juyi 8 cikakku. Idan an sa faranti a bayan wili don turo shi waje, noti ya kama a juyi 4 ko 5, to ka ce a cire.

Karanta jikin tayar hom-yus

Da yake sababbin manyan tayoyi suna da tsada, da yawa hom-yus suke saye. Kafin ka biya, ka nemi abu biyu a gefen tayar. Na farko shekarunta: bayan harufan DOT akwai lambobi, huɗun ƙarshe su ne mako da shekarar da aka yi ta. 2319 na nufin mako na 23 na 2019. Roba tana tsufa ko ba a hau ta ba, kuma zafin kwaltar arewa a watan Maris ba ya yafe wa tsohuwar taya, komai kyan zanenta.

Na biyu lambar nauyi, wadda ke bin lambar girma, kamar 112S. Lamba 112 na nufin tayar tana ɗaukar kilo 1,120. Wasu tayoyi masu inci 20 da ake cirowa daga motocin alfarma 107 ne, wato kilo 975. A tayoyin baya biyu, bambancin kilo 290 ne, kusan buhu 3 na masara masu kilo 100. Kada lambar sabuwar tayarka ta gaza ta wadda kamfani ya sa. Mai lodi kullum ya nemi mai alamar LT ko C, waɗanda aka yi don motocin kaya, ya kuma tambayi iskar da ta dace da su, don ba lallai ta zama ɗaya da wadda aka rubuta a jikin ƙofar direba ba.

Zanen taya shi ma zaɓi ne. Mai manyan haƙora, wadda aka rubuta wa MT, sarauniya ce a laka, amma a kwalta tana kuka, tana saurin cinyewa, kuma ba ta kama jiƙaƙƙen titi kamar sauran. Mai AT ita ce tsaka-tsaki, kuma ita ta fi dacewa da wanda ke raba tafiyarsa tsakanin kwalta da burji. Kuma tayoyi 5 za ka saya, har da safaya. Idan ka sa ƙaramar safaya tare da manya uku ka shiga giyar ƙafa huɗu, kana wahalar da dif da akwatin giya. Ka gwada ma ko babbar safayar za ta shiga mazauninta a ƙarƙashin bodi.

To wa ya kamata ya yi?

Mai lodi kullum, ɗan kasuwa ko ɗan kwangila, ya bar gaban motarsa yadda yake. Kuɗin ya fi amfani a sabon shok, da gyaran sifirin baya idan ya gaji, da taya LT mai girman asali ko mataki ɗaya sama. Idan bayan yana zama ƙasa da lodi, matsalar a baya take. Wanda ya ƙara wa sifirin baya tsayi a tsohuwar motar da ba ta da ABS, ya tuna da bawul ɗin birki da ke haɗe da aksil, mai rage ko ƙara ƙarfin birkin baya gwargwadon nauyi, a saita shi.

Mai shiga ƙauyuka da damina, malamin gona ko mai sayen amfanin gona ko mai kai kayan asibiti, shi ne ya fi kowa hujja. A gare shi ɗagawa ta santimita 4 zuwa 5 gaba da baya tare, da shok mai kyau, da taya AT mataki ɗaya sama, aiki ne mai ma'ana, domin motar ta tashi kuma bayan yana nan sama da gaba. Sai dai kada tsayin ya ruɗe shi ya faɗa ruwan da ya shafe gada lokacin da aka buɗe madatsar Bagre. Santimita 5 ba ta hana ruwa shiga injin, ba ta kuma hana igiyar ruwa ɗaukar mota.

Mai yawon gari da bodi fayau, wanda kyau kawai yake nema, kuɗinsa ne, motarsa ce. Ya tsaya a ƙaramar ɗagawa, ya bar wa baya ɗan fifiko ko da santimita 1 ko 2 ne, saboda ranar da 'yan uwa za su ce a taimaka a kwaso kujeru da buhunan shinkafa na suna.

Bayan an sauke ta daga jak

Aiki bai ƙare ba don an ɗaure noti. A auna daga tsakiyar wili zuwa bakin madigadi a ƙafa huɗu, kafin aiki da bayansa, a rubuta. A kai ta alaimen a ranar, domin ɗagawa tana canja tsayuwar tayoyin gaba, kuma sabuwar taya tana iya cinye gefe ɗaya cikin 'yan makonni. A karya sitiyari ƙarshe dama da hagu, gaba da ribas, a saurari guga, a duba ko tiyon birki da wayar ABS ba su miƙe ba. A tsaya gaban bango da dare a saita fitilu. Sababbin motoci masu kyamara da na'urar hango abin da ke gaba suna buƙatar a sake saita su wajen masu kwamfuta. Bayan kilomita 50 zuwa 100 a sake bin notin wili da na shok. Yana da kyau kuma mutum ya sanar da kamfanin inshorarsa, ya tambayi DVLA matsayin gyaran kafin lokacin sabunta takardar lafiyar mota.

Gwaji na ƙarshe shi ne wanda kusan ba a yi a gareji: ka loda mata irin kayan da ka saba ɗauka, ka ja da baya ka dube ta daga gefe, sannan ka taka birki a fili inda babu kowa. Idan hancinta ya tashi sama, ko ta yi nisa kafin ta tsaya, ka koma wajen bakanike a rage tun ba ka hau hanyar Kintampo da dare ba.